Stroopwafel a gida: a tsaga shi da zafinsa, ko a gasa biyu a haɗa?

Maman Iman, Kano
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman wadda ta taɓa yin biskit ɗin nan na Holan, stroopwafel, da hannunta. Ƙanin maigidana ne ya kawo mana tsaraba, tun daga ranar hankalina ke kansa. Ina yin cincin da dublan da kek na biki, kuma ina ganin idan na iya wannan zai shiga cikin kayan garar da nake haɗa wa amare. Na gwada a injin waffle ɗina, ya fito da kauri da manyan ramuka. Na narka sukari na zuba a tsakiya, da ya huce sai ya daskare yana gurzar haƙori. A ina matsalar take? Kwaɓin ne, injin ne, ko sukarin?

Anti Rabi, Rotterdam
Wa alaikumus salam Maman Iman. Kwaɓinki ban gani ba, amma injin da sukarin duka biyun ba su ne na aikin ba. Injinki na waffle ɗin Beljiyam ne, mai zurfin rami, wanda ake zuba masa ƙullu mai ruwa. Stroopwafel ba da ƙullu ake yin sa ba, kwaɓi ne mai tauri da ake curawa a hannu, kuma ƙarfen gasa shi ramukansa ƙanana ne, kusan a shafe suke. Idan ba ki samu nasa na asali ba, injin da ake gasa mazubin askirim yana yi, haka ma ƙarfen gasa pizzelle, siririn biskit na 'yan Italiya.

Ga awon da nake yi. Fulawa giram 250, bota giram 125 a narka ta huce, sukari mai laushi giram 75, ƙwai 1, busasshen yis giram 7, madara mai ɗumi babban cokali 1 ko 2, kirfa kaɗan, gishiri ɗan mitsitsi. Ki jiƙa yis ɗin a madarar, ki haɗa komai ki murza har ya daina kama hannu. Ki rufe shi ya yi kamar minti 45. Kada ki jira ya kumbura ya ninka, botar ta yi masa nauyi, ɗan sakin jiki kawai zai yi. Sai ki raba shi curi-curi, kowane giram 40 ko kusa da haka, zai ba ki 10 zuwa 12.

Na tsakiyar kuma: stroop (ruwan sukari ne mai kauri da danƙo na Holan) giram 200, jan sukari giram 125, bota giram 100, kirfa ƙaramin cokali 1. A wuta kaɗan, kina juyawa har su narke su zama abu guda. Ki bar tukunyar cikin ruwan zafi a kusa da ke, don idan ya huce ba ya shafuwa.

Maman Iman, Kano
Allah ya saka da alheri Anti. To shi stroop ɗin a ina zan same shi a nan?

Fati, Manchester
Ni da Lyle's Golden Syrup nake yi, ina ƙara masa rabin cokali na baƙin treacle (shi ma ruwan sukari ne mai kauri, amma baƙi) don launi da ɗan ɗacin nan mai daɗi. Manyan kantunan Kano da Abuja sukan kawo shi, sai dai kuɗinsa. In don a ci a gida ne, ya isa. In na sayarwa ne, ki yi lissafi da kyau kafin ki fara.

Hajiya Zulai, Kaduna
Maman Iman, kada ki wahalar da kanki da neman abin gwangwani. Mazarƙwaila tana gabanki. Ni na daɗe ina yin sa, masu biki suna karɓa, kuma da mazarƙwaila nake yi. Ki farfasa ta, ki zuba ruwa kaɗan ta narke a wuta, ki tace da ƙyalle mai tsabta saboda yashi da ɓurɓushin rake, ki mayar wuta da ɗan ruwan lemon tsami har ta yi kauri, sannan ki sa bota da kirfa. Batun gashi kuma, ni ba na tsagawa. Ina yin curin ƙanana, in matse injin sosai su fito siriri, in shafa wa ɗaya in ɗora ɗaya a kai. Babu ƙona yatsa, babu asarar wanda ya yage.

Anti Rabi, Rotterdam
Hajiya, a kan mazarƙwaila ba ni da ja, zan ma so in ɗanɗana. Amma gasa biyu a haɗa, wannan kam wani abu ne daban. A nan akwai shi, sunansa stroopkoek, biskit biyu da stroop a tsakani, kuma yana da masoyansa. Stroopwafel guda ɗaya ake gasawa, a tsaga shi gida biyu tun yana turiri. Kuma ba don ado ake yi ba. Idan kika tsaga, fuskokin ciki biyun ba su taɓa ƙarfe ba, suna da laushi da ƙananan ƙofofi, sai su sha stroop ɗin su riƙe shi. Waje ya yi ƙarau, ciki ya yi danƙo, kina gatsawa yana lanƙwasa kafin ya karye. Idan kika gasa biyu, kowane yana da ɓawo gaba da baya, ɓawo huɗu ke nan. Zaƙin ba ya shiga, zama yake a kai, kina cizo yana tsartuwa ta gefe.

Hajiya Zulai, Kaduna
Anti Rabi, ke kina yin goma ne ki ci da yaranki. Ni ina yin na taro. Wanda zai tsaga ɗari biyu ɗaya bayan ɗaya da wuƙa, yaushe zai gama? Kuma cikin masu saye ba wanda ya taɓa dawo mini da shi ya ce ɓawonsa huɗu.

Anti Rabi, Rotterdam
Ba su dawo da shi ba saboda yana da daɗi, ban musa ba. Amma ki zo kasuwar Albert Cuyp a Amsterdam ki tsaya gaban mai gashin. Layi ne a gabansa tun safe, kuma kowane ɗaya sai ya tsaga shi. Zai ɗora curin, ya rufe ƙarfen, kafin minti ɗaya ya buɗe, ya danna zoben ƙarfe ya yanke gefen ya zama da'ira, ya dafa shi da tafin hannu ya zura wuƙa sau ɗaya ta fita ta ɗaya ɓangaren, ya shafa, ya rufe, ya miƙo miki a takarda yana ɗiga. Hannu ne ya saba. Gefen da ya yanke ma ba ya zubarwa, ana tara ɓurɓushin a ƙunsa a sayar da arha, yara na son sa ƙwarai.

Malam Bashir, Zariya
Salam. Ku yi haƙuri in sa baki a kan tambayar Maman Iman ta farko, dalilin da ya sa sukarinta ya koma tsakuwa, don shi ne abin da zai ci gaba da ba mutane wahala ko sun tsaga ko ba su tsaga ba.

Farin sukarin da muke sha, idan aka narka shi shi kaɗai ya huce, ƙwayoyinsa komawa suke su haɗu kamar yadda suke tun farko. Abin da ke hana su haɗuwa shi ne a samu wasu nau'o'in sukari a cakuɗe da shi, wato gulukos da furuktos. Stroop na Holan da golden syrup na Ingila suna ɗauke da su, shi ya sa suke zama da danƙo ko sun daɗe a ajiye. Zuma ma yawancinta su ne. Lemon tsamin da Hajiya Zulai ke sawa, aikinsa ke nan: tsami da zafi suna fasa wani kaso na sukarin ya rabu zuwa waɗannan biyun. Don haka dabararta daidai take, kuma lemon ba don ɗanɗano yake ciki ba, kada wani ya cire shi. Ƙaramin cokali ɗaya ya ishi mazarƙwaila giram 300. Wanda ke da ruwan gulukos irin na masu kek, babban cokali biyu zai ƙara tabbatar da abin.

Sai batun inda za a tsaya da dafuwa. Mai ma'aunin zafi ya nemi digiri 112 zuwa 115 a ma'aunin Celsius. Wanda ba shi da shi ya ɗiga kaɗan a kofin ruwan sanyi. Idan ya watse, da saura. Idan ya dunƙule kina iya murza shi da yatsa yana lotsawa, a sauke. Idan ya yi ƙara a gindin kofin, ya wuce, alewa aka yi. Kuma da zarar ya fara tafasa a daina juyawa da ƙarfi, a goge ƙwayoyin sukarin da suka manne a gefen tukunya da jiƙaƙƙen ƙyalle, don ƙwaya kaɗan ta isa ta ja sauran su daskare.

Maman Iman, Kano
Malam Bashir, Allah ya ƙara ilimi. Wallahi juyawa na yi ta yi har ya huce, ina ganin hakan ne zai hana shi kamawa.

Hajiya Zulai, Kaduna
Malam ya gama magana. Anti Rabi, bari in tambaye ki. Shi wannan abin da kike karewa, ba na ji an ce asalinsa abincin talakawa ba ne, da ragowar gidan burodi aka fara yin sa?

Anti Rabi, Rotterdam
Haka ne Hajiya. A garin Gouda aka fara shi, garin da cukunsa ya yi suna, tafiyar kamar minti 20 a jirgin ƙasa daga nan inda nake. Labarin da aka fi bayarwa shi ne masu gidan burodi ne ke tattara ɓurɓushi da ragowar kwaɓi su haɗe su da stroop, su sayar da arha, har ana ce masa kek ɗin talakawa. Ana yawan danganta shi da wani mai gashi, Gerard Kamphuisen, wanda ya buɗe gidan burodinsa a 1810, kuma har yau akwai wurin da ke ɗauke da sunan a bakin dandalin kasuwar garin. Sai bayan 1870 aka fara yin sa a wasu garuruwa. A 1960 masana'antu 17 ke yin sa a Gouda kaɗai.

Hajiya Zulai, Kaduna
To kin gani. Mutumin da abin da ke gabansa ya yi aiki. Su sukarinsu daga wata saiwa suke fitar da shi, mu namu daga rake. Da a Makarfi yake zaune, da mazarƙwaila zai yi. Me zai sa ni in ɗaure kaina?

Anti Rabi, Rotterdam
A kayan haɗi ban ɗaure ki ba, Hajiya, na faɗa tun farko. Ki sa mazarƙwaila, ki sa zuma, a kantunan nan ma ana sayar da na zuma. Abin da nake cewa, idan kika rubuta stroopwafel a leda kika ba wanda ya san shi, tsammaninsa siririn abu mai lanƙwasa. Idan ya ji biskit biyu masu tauri zai ce ba ki iya ba, alhali kin iya, wani abin kika yi. Ki ba naki sunansa, ki sayar da shi da alfahari.

Ummi, Maraɗi
Sannunku da ƙoƙari iyayena. Ni tambayata biyu ce. Ta farko, na kanti da ake kawowa, ya halatta? Ta biyu, a nan wutar lantarki ba ta da tabbas, akwai ƙarfen da ake ɗorawa a kan gas ko gawayi?

Anti Rabi, Rotterdam
Ummi 'yata, ainihin kayan haɗinsa babu abin ƙi: fulawa, bota, sukari, ƙwai, kirfa. Na masana'anta ne ake ƙara wa sinadaran haɗe mai da ruwa. Idan kin ga lecithin na waken soya, tsiro ne. Idan kin ga E471, ana samun sa daga man tsiro, ana kuma samun sa daga kitsen dabba, don haka ki duba ko an rubuta na tsiro ne ko akwai tambarin halal. Na gida kuwa kin san abin da kika zuba.

Ƙarfen kan wuta akwai shi, da shi ma aka fara, mai dogayen hannuwa biyu. Ki bar shi ya yi zafi sosai ta fuska biyu kafin ki sa curin farko, kuma ki riƙa juya shi a rabin gashi. Gas ya fi gawayi sauƙin sarrafawa, don kwaɓin akwai sukari da yawa, yana ƙonewa da wuri.

Ummi, Maraɗi
Idan na kai hoto wa masu zubin tukwane su yi mini fa?

Malam Bashir, Zariya
Za su iya fitar da siffar, amma ki yi hattara. Da yawansu da tarkacen alminiyon suke zubi, har da sassan injin mota, kuma irin wannan yakan zo da dalma a ciki. Abin da za a gasa wa yara a kai, gara baƙin ƙarfe na asali. Sannan fuskokin biyu sai sun haɗu daidai, in ba haka ba gefe ɗaya zai ƙone, ɗayan ɗanye.

Fati, Manchester
Wani abu da ba a taɓo ba: bota. Anti, ni na ga bambanci mai yawa tsakanin ta madarar shanu da irin su Blue Band.

Anti Rabi, Rotterdam
Sosai. A nan ma idan da botar shanu zalla aka yi, sai sun rubuta roomboter a jikin ledar da manyan baƙaƙe, kuma ya fi tsada. Mai arhar da man tsiro ake haɗawa. A kwaɓi za ki iya sa rabi da rabi ba a gane ba sosai. A cikin stroop ɗin ne ba na yarda, don a nan ƙamshin yake fitowa.

Maman Iman, Kano
Man shanu fa, Anti? Ina da mai kyau da ake kawo mini daga ruga.

Malam Bashir, Zariya
Idan soyayye ne, ruwansa ya ƙone, kusan mai ne zalla. Botar kanti kuwa kashi 80 zuwa 82 cikin ɗari ne mai, sauran yawanci ruwa. Wannan ruwan yana da amfani a nan, shi ne ke zama tururi a cikin curin ya buɗa tsakiyar har wuƙa ta samu hanya. Don haka a maimakon bota giram 125, ki sa man shanu giram 100 ki ƙara madara babban cokali 1 ko 2. Idan ɗanye ne kuma, ki wanke shi da ruwan sanyi sosai don tsamin nonon ya fita.

Hajiya Zulai, Kaduna
Ƙamshin man shanu da kirfa da mazarƙwaila wuri guda, ina jin zai yi ƙarfi. Ni dai zan ce ta fara da rabi.

Maman Iman, Kano
'Yan uwa na dawo da rahoto. Na samu aron injin mazubin askirim wurin maƙwabciyata. Na bi awon Anti Rabi, na yi mazarƙwailar Hajiya Zulai da gwajin ruwan sanyin Malam Bashir. Zaƙin ya yi yadda ake so, tun jiya yake da danƙo bai daskare ba, launinsa ya fi na tsarabar duhu kuma ƙamshin raken yana fitowa. Matsalar tsagawa ce. Wasu sun tsagu lafiya, wasu wuƙar ta ɓullo ta sama, wasu kuma kafin in kai rabi sun bushe sun karye. Na gasa wasu bibbiyu irin na Hajiya don in kwatanta. Gaskiya na Hajiya ya fi sauri nesa ba kusa ba, amma wanda ya tsagu ɗin ya fi laushi, kuma shi yara suka fara ɗauka.

Hajiya Zulai, Kaduna
Madalla. Saurin dai kin gani da idonki.

Anti Rabi, Rotterdam
Barka Maman Iman, kin yi ƙoƙari. Karyewar daga jinkiri ne ko daga yawan gashi. Da kin buɗe injin, daƙiƙa kaɗan gare ki, don haka wuƙa da katako da tukunyar zaƙi su kasance a gefen injin, ba sai kin taka ba. Kada ki gasa na biyu sai kin rufe na farko. Ki cire shi yana ruwan zuma, kada ki jira ya yi ja. Ɓullowar wuƙa kuma daga matse injin ne. Injin askirim an yi shi ne ya fitar da abu siriri ƙwarai, to kada ki danne shi har ƙarshe, ki bar kaurin ya kai milimita 4 ko 5. Ki fara yanke gefen da bakin kofi ko gwangwani, don gefen ne ya fi bushewa, idan kin cire shi za ki ga farin cikin a fili, nan za ki sa bakin wuƙar. Wuƙa siririya mai kaifi, a kwance, ki dafa saman da ninkakken tawul, ki riƙa juya waffle ɗin kina bin gefe kafin ki shiga tsakiya. In da mai taya ki, ɗaya na gashi ɗaya na tsagawa da shafawa, aikin zai ninka sauri, Hajiya ma ta gwada hakan da 'yan aikinta.

Hajiya Zulai, Kaduna
Zan sa su gwada a ƙaramin oda, in ga lokacin da zai ci. Amma na taro kam ina nan kan bibbiyu na. Sunan ne zan duba, wannan maganar taki ta shige ni.

Ummi, Maraɗi
Ajiya fa? Da zafin nan namu ba zai narke a leda ba?

Malam Bashir, Zariya
A watannin zafi a ɗan ƙara dafa zaƙin, ya kai 116 ko 117, zai fi tsayawa. Da hunturu a tsaya a 112, in ba haka ba zai yi tauri. Babban abokin gabansa laima ce, don irin wannan sukarin yana jan ruwa daga iska, da damina waffle ɗin zai yi laushi ya saki. A bar shi ya huce sarai, a sa a gwangwani mai murfi ko a like ledar.

Anti Rabi, Rotterdam
Kuma kada a sa a firij in ba dole ba, yana sa shi tauri. Idan ya kwana biyu ya ɗan ƙage, a ɗora shi a bakin kofin shayi mai zafi minti ɗaya ko biyu, tururin zai sassauta tsakiyar, haka mutanen nan ke ci da kofi ko shayi. Saboda haka Maman Iman, lokacin yanke gefe ki zaɓi abin da faɗinsa ya ɗan fi bakin kofin shayi, kamar santimita 8 zuwa 9, don ya zauna a kai kada ya faɗa ciki.

Maman Iman, Kano
To Anti. Gwangwanin madara na ƙarami ne, zan nemi wanda ya fi shi faɗi. Zan iya kwaɓawa da dare in gasa da safe?

Anti Rabi, Rotterdam
Za ki iya. Ki cura shi tukuna, ki jera a faranti ki rufe da leda ki sa a firij. Da safe ki fito da shi ya yi rabin awa a waje ya saki, don curi mai sanyi ba ya bajewa daidai a injin, gefen zai tsattsage. Zaƙin kuma ki ɗumama shi a cikin ruwan zafi, kada ki mayar da shi kan wuta kai tsaye, zai ƙara dahuwa ya wuce inda kika tsayar da shi.